Kofin Aro da Hatimin Malam Sallau

Masu riƙon labari sun ce, a wani zamani da bai yi nisan da za a manta da shi ba, an yi wata kwalejin horon malamai a wani gari da ake kira Rafin Marke. Shugabanta, Dakta Hambali, mutum ne mai ilmi, mai tsabtar riga, mai son a ce ya yi. Ba a taɓa kama shi da taɓa abin wani ba. Ciwonsa guda ɗaya ne: shekara tara kwalejinsa tana shiga gasar ƙwallon ƙafa ta kwalejojin yankin, shekara tara tana dawowa hannu rabbana. Da shekara ta goma ta kama, sai ya kira mai horar da 'yan wasan, Koci Gambo, ya ce masa, "Bana ina son kofin nan a ofishina. Yadda za ka yi kai ka sani, kada ma ka gaya mini."

Koci Gambo kuwa mutum ne mai biyayya. Bai gaya masa ba.

Ya tafi birni ya ɗauko 'yan ƙwallo huɗu waɗanda ko ƙofar aji ba su sani ba, ya kai hotunansu wurin Malam Sallau, tsohon akawun da ke riƙe da hatimin kwaleji, ya ce daga sama aka ce a manna su a kan katin shaidar wasu ɗalibai huɗu. Malam Sallau, wanda saura masa wata bakwai ya yi ritaya, ya manna, ya buga hatimi. Aka buga wasan ƙarshe a filin kwalejin, aka ci kofi. Dakta Hambali ya rungume shi a gaban masu ɗaukar hoto kamar ɗan da aka haifa masa bayan an fid da rai.

Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Ɗaya daga cikin sunayen da aka ara na wani Malam Isiyaku ne, malamin firamare mai shekara arba'in da bakwai da ya dawo ƙaro karatu, mai ciwon gwiwa har a kan kujera yake salla. Rediyo ta ambaci sunansa da na ƙauyensu, ta ce shi ya jefa ƙwallo uku a raga ranar wasan ƙarshe. Mutanen ƙauye suka ɗauko kalangu suka zo taya shi murna, suka tarar da shi zaune yana shafa wa gwiwa man zafi. Surukinsa ya tsaya a kansa ya ce ashe da ma ƙaryar ciwo yake yi don kada ya taya shi noma. Malam Isiyaku ya ga mutuncinsa na neman zubewa, ya rubuta wa hukumar gasar takarda. Hukumar ta rubuto wa Dakta Hambali cewa tana son sunan wanda ya aikata wannan abu kafin azahar ɗin ranar Alhamis.

Ranar Laraba bayan la'asar, Dakta Hambali ya fito shi kaɗai ya zauna a kan benci a gindin marken da ke bakin filin wasa. A hannunsa akwai takardar korar Malam Sallau, an buga ta tsaf, sa hannu kaɗai ya rage. Ya zare murfin alƙalami, ya mayar, ya sake zarewa.

A bakin filin nan akwai wani tsohon gauraka, wanda shugaban kwalejin na farko ya kawo tun yana ɗan tsako. Hotonsa ne ma aka zana a ƙirjin rigunan 'yan wasa. Duk abin da aka yi a filin nan shekara da shekaru a kan idonsa aka yi. Wanda zai ce tsuntsu ba ya magana, ya fara tambayar kansa ko ya taɓa yin shirun da ya isa ya ji. Gauraka ya tako a hankali, ya tsaya a kan ƙafa ɗaya, ya karkata tukkunsa ya leƙa takardar.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, alƙalamin ne ya ƙi, ko hannun?"

Dakta Hambali bai ɗago ba. Ya ce, "Mai-tukku, bar ni da abin da ya dame ni. Hukuma suna take so, ga suna na samo mata. Hatimi dai a hannun Sallau yake, shi ya buga. Ko ƙarya na yi masa?"

"Ba ka yi masa ƙarya ba. Ka dai zaɓo gaskiyar da ta fi sauƙin ɗauka. Na ji tsoron kada abin da ya sami Dagacin Kukar Bako da wanzaminsa ya same ka."

"Me ya same shi?"

"In ka rufe alƙalamin nan zan gaya maka. Ba na son tawada ta bushe a kaina."

Dakta Hambali ya yi ɗan murmushin da bai kai zuci ba, ya rufe alƙalami. Gauraka ya sauya ƙafa, ya fara.

Ya ce, an yi wani dagaci a Kukar Bako, sunansa Nomau. Tsakanin garinsa da Tudun Maƙera akwai kokawa duk shekara bayan an gama girbi, kuma dokar dandalin tun kakanni ita ce ba mai shiga sai ɗan gari. Yadda ake gane ɗan gari kuwa shi ne tsagar gado: mutanen Kukar Bako zube uku-uku gare su a kowane kunci. Shekara da shekaru wani gago na Tudun Maƙera yana watsa samarin Kukar Bako a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, har makaɗa suka sa abin a waƙa. Dagaci Nomau ya kira Sarkin Samari ya ce, "Ka nemo mini wanda zai kai bayan gagon nan ƙasa. Inda zai fito ba ruwana, kada ka cika mini kunne."

Sarkin Samari ya yi tafiyar kwana huɗu ya dawo da wani ƙato, ƙirji kamar ƙofar rumbu, sai dai fuskarsa sumul, ko ƙwarzanen ƙaya babu. Aka kai shi wurin wanzamin gari, wani dattijo mai suna Cindo. Cindo ya ce tsagar gaske sai ta yi makonni kafin ta warke, ga shi kokawa jibi. Ƙaton ma da ya ga aska ya ce shi kayar da mutum aka ɗauko shi yi, ba a ɗauko shi a yanka masa fuska ba. Sarkin Samari ya ce wa Cindo, "Daga fada aka ce a san yadda za a yi." Cindo ya dama shuni da baƙin tukunya da ɗan ƙaro, ya zana masa zube uku-uku. Aikin ya yi kyau har wata tsohuwa ta tsaya a hanya tana tambayar ƙaton ko shi ne jikan wane da ya tafi cirani.

Ranar kokawa rana ta take. Aka sarƙe, kunci ya haɗu da kunci, gumi ya keto. Can sai ƙaton ya ɗaga gago sama ya shimfiɗe shi. Kukar Bako ta ɗauki sowa, Dagaci ya miƙe tsaye har rawaninsa ya zame. Amma da gago ya tashi yana kakkaɓe ƙasa, sai idon kowa ya koma kan fuskarsa. Zube uku na Kukar Bako sun koma kan kuncin gago raɗau, fuskar ƙato kuwa ta koma yadda uwarsa ta haife shi. Makaɗin Tudun Maƙera ya ajiye makaɗin gangarsa ya ce, "Jama'a, yau mun ga ikon Allah. An kayar mana da gago, an kuma mai da shi ɗan garinku."

Dattawan garuruwan yankin suka aiko cewa sai Kukar Bako ta fito da wanda ya yi wannan aiki. Dagaci Nomau ya tara jama'a a ƙofar gidansa ya ce, "Hannun wa ya yi zanen? Na Cindo. To Cindo ya tattara askarsa ya bar mini gari."

Sai wata tsohuwa ta dogara sanda ta miƙe. Gwaggo Tabawa ce, yayar mahaifin Dagaci, wadda ta goya shi yana ƙarami, don haka ba ta jin nauyin rawaninsa. Ta ce, "Ɗan ƙanena, an bar jaki ana dukan taiki. Kafin ka kore shi ka ji labarin Madugu Bawa da ƙorai, don na ga kana bin sawunsa."

Dagaci ya ce, "Faɗi, Gwaggo, amma a taƙaice."

Ta ce, "Da kake kuka a bayana ban ce maka a taƙaice ba."

Sa'an nan ta ce, an yi wani madugu mai suna Bawa, ya gina soro mai kyau. Maƙwabcinsa kuwa ya gina wanda ya fi nasa tsawo da kamu ɗaya. Abin ya hana Madugu sukuni. Ya sa aka samo masa ƙwan jimina da doguwar gora, ya ce a kafa gorar a tsakiyar rufin soron, a ɗora ƙwan a bisa, yadda mai zuwa daga kasuwa zai fara hango nasa. Magini ya ce, "Madugu, in aka huda rufi..." Madugu ya ce, "Kai dai kafa." Aka kafa. Duk rani mutane suna wucewa suna nuna ƙwan jimina da yatsa, Madugu yana zaune a ƙofa yana shafa gemu.

Da ruwan farko ya sauka, sai ɗigo ya fara zuba a tsakar ɗaki. Uwargida ta tara ƙwarya. Kafin ruwa ya ɗauke ƙwarya ta cika ta tumbatsa, ta jiƙa buzun Madugu. Madugu ya fusata ya ce, "Wannan wace irin ƙwarya ce marar amana? An ba ta aiki ɗaya ta kasa." Ya take ta da ƙafa, ya aika kasuwa aka sayo wata. Ruwa na biyu, ita ma ta cika. Ya ce ita ma ba ta da tarbiyya, ya fasa. Haka aka yi ta yi, ruwa yana zuba, ƙorai suna mutuwa, har damina ta raba tsakiya. Ran nan ya je da kansa wurin mai sayar da ƙorai ya ce yana son wadda ta san aikinta. Mai ƙorai ya dube shi ya ce, "Madugu, ƙoraina sun ƙare a gidanka. Amma ina da tsani, in kana so in ara maka."

Madugu ya ɗauki tsani don kunya, ya hau rufi. Yana hawa ya ga hanyar ruwa: daga kan ƙwan jimina yake gangarowa, ya bi jikin gora, ya shige ramin da shi da bakinsa ya ce a huda. Ya daɗe tsugune yana kallon ƙwan. Daga ƙarshe ya tumɓuke gorar da hannunsa, ya sauko da ita a gaban maƙwabcin nan nasa, ya kira magini ya ba shi haƙuri, aka toshe ramin. Mutane suka yi masa dariyar kwana uku. Soron kuwa har jikokinsa sun kwana a ciki.

Gwaggo Tabawa ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "To, ɗan ƙanena, Cindo ƙwarya ne. Ramin yana sama, kuma ka san wanda ya ce a huda. In kana son tsani, ga shi na ara maka."

Dagaci Nomau ya sunkuyar da kai, ya ga idon jama'a a kansa, sai girman kai ya rinjaye shi. Ya ce, "Gwaggo, labarinki da daɗi, amma dagaci ba ya hawa tsani a gaban talakawansa." Ya kori Cindo.

Cindo bai yi nisa ba. Tudun Maƙera ya koma, ya shimfiɗa tabarmarsa a bakin kasuwa. Ka kuwa san wanzami, hannunsa na aiki bakinsa na aiki. Duk kan da ya zauna a gabansa sai ya tashi da aski da labari, har da kalmomin da Dagaci ya faɗa wa Sarkin Samari, ba ragi. Kafin wata ya mutu ba wanda bai sani ba. Dattawan yanki suka ce da Kukar Bako ta faɗi gaskiya da shekara ɗaya za a hana ta dandali, amma tun da ta haɗa maguɗi da zalunci, ta huta shekara bakwai. Samarin garin da suka yi ta horo suka tsufa ba su sarƙe da kowa ba. Wanzamai kuma suka ƙi zama a garin da ake korar wanzami. Gashin Dagaci ya taru har rawani ya daina zama, dole ya hau jakinsa ya tafi kasuwa mafi kusa, ya zauna a gaban wanzamin da ke wurin. Cindo ya jiƙa masa kai, ya wasa aska a tafin hannu, ya ɗora ta a gefen kunnensa, ya ce cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, aski kaɗai za a yi, ko a ƙara da tsaga? Yanzu ta gaske nake yi."

Gauraka ya sa baki yana gyara gashin fiffikensa. Daga baya ya ce, "Ka ji yadda aka ƙare da wanda aka ara wa tsani ya ƙi hawa. Ƙaramin da aka kora ba bebe ba ne, kuma ya san abin da ya sani."

Dakta Hambali ya jujjuya alƙalamin a hannunsa. Can ya ce, "Labarinka bai hau kaina ba, Mai-tukku. Ni ban ce a ɗauko kowa daga birni ba. Cewa na yi kada a gaya mini."

"Ranka ya daɗe, mutum ba ya toshe hanci sai ya san abin da za a buɗe. Ranar wasan ƙarshe ina tsaye a bayanka. Wanda ya jefa ƙwallo ukun nan ya zo gaishe ka, ka tambaye shi wane sashe yake karatu, ya ce sashen gaba, ɓangaren hagu. Ka yi dariya, ka dafa kafaɗarsa, ka juya kana gyara hula don hoto."

Dakta Hambali ya sunkuyar da kai. Ya tuna. Ya tuna har da yadda ya yi sauri ya juya.

Ya ce, "To, sai in wanke Gambo da Sallau ke nan, in ɗauki kayan ni kaɗai?"

"Ban ce ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gambo ya san abin da yake yi sarai, ba zai sake riƙe 'ya'yan mutane ba. Sallau kuwa shekara talatin yana riƙe da hatimi, ya isa ya san ba a buga shi don an ce daga sama aka ce. Ya ji faɗa, ya ji gargaɗi a rubuce. Amma kowa a ɗora masa daidai wuyansa. Kai ka zo da takarda ɗaya, ka zaɓi wuyan da ya fi sirantaka. Sa'an nan akwai waɗanda takardarka ba ta ambata ba. 'Yan wasanka huɗu, ɗalibai na gaske, sun yi shekara uku suna zagaya filin nan da gudu, ina ƙirga musu, ranar gasa aka zaunar da su a benci suna kallon baƙi sanye da rigunansu, da hotona a ƙirji, ba wanda ya nemi izinina. Ga Malam Isiyaku, har yau surukinsa bai yarda da gwiwar nan ba."

Dakta Hambali ya yi dariya ba shiri, sai kuma dariyar ta tsaya. Ya ce a hankali, "In na rubuta sunana, majalisar kwaleji tana iya sauke ni."

"Tana iya. Ban yi maka alkawarin kujera ba. Madugu ma sai da aka yi masa dariya. Abin da na sani shi ne, nan gidan horon malamai ne. Duk abin da ka sa wa hannu yau, ɗalibai dubu za su ɗauka su tafi da shi ajujuwansu, su koya wa 'ya'yan mutane cewa in an yi ɓarna a nemi wanda ba shi da kowa. Ko kuwa su koya musu wani abu dabam. Kai ne mai alƙalami, ni tsuntsu ne."

Dakta Hambali ya dubi takardar, ya dubi sunan Malam Sallau da aka buga da manyan baƙaƙe. Ya juya ta, ya ɗora a gwiwa, ya zare murfin alƙalami. A bayanta ya rubuta wa hukumar gasar cewa kwalejin Rafin Marke ta mayar da kofi, cewa umarnin da ya haifi wannan abu daga bakinsa ya fito, kuma ya ga alama ya kau da kai. Ya sa sunansa a farko, na Koci Gambo a ƙasa, na Malam Sallau a ƙarshe tare da bayanin iyakar abin da ya yi. Ya ƙara da cewa ranar Juma'a zai je ƙauyen Malam Isiyaku da ƙafarsa, ya tsaya a gaban surukin.

Yana gamawa sai ga Malam Sallau ya fito daga ofis yana tura kekensa, kansa a ƙasa, don labari ya riga ya kai masa. Dakta Hambali ya kira shi. Tsohon ya jingine keke, ya zo ya rusuna.

"Malam Sallau, hatimin yana ofis?"

"Yana aljihuna, ranka ya daɗe. Tun da abin nan ya faru ko masallaci da shi nake zuwa."

"To buga mini a nan."

Malam Sallau ya karɓi takardar. Ya laluba aljihu, amma ba hatimi ya fara fitarwa ba, tabarau ya fitar, ya goge shi da bakin riga, ya maƙala a hanci.

Ya ce, "Ka yi mini haƙuri, ranka ya daɗe. Wannan karon sai na karanta."

Dakta Hambali ya matsa masa wuri a kan benci ya ce, "Zauna ka karanta, Malam. Da ni da kai mun makara da koyon wannan." Sa'an nan ya juya ga gauraka ya ce, "Na karɓi tsanin, Mai-tukku."

Gauraka ya sauke ƙafarsa ta biyu, ya taka zuwa tsakiyar fili yana tsintar fara, kamar bai taɓa cewa komai ba. Nan masu riƙon labari suka ajiye shi. Wanda rufinsa ke yoyo, ya san inda zai duba.